Gwaggon Teku

Ranar da Allah ya karɓi ran Gwaggo, yayar mahaifina, gero ya fara fitar da kai, kowa yana gona. Amma kafin mata su gama yi mata wanka an rataye fartanyu, ƙofar gidanmu ta cika har sai da aka aro tabarmin masallaci. Ƙauyenmu ƙarami ne, tsakanin Bici da Kunci, gida na jin tarin gida. Duk da haka a ranar na ga fuskokin da ban sani ba.

Wata tsohuwa, ƙawarta tun suna 'yan mata, ta zauna a bakin zaure tana cewa yau bakin garin nan ya mutu, don babu sauran mai faɗa wa mutum gaskiya ido da ido ya kuma ba shi fura ya sha. Wani direba daga Bici ya ce shekara da shekaru yana ɗaukarta, bai taɓa ganin ta yarda ta zauna a tsakiyar mota ba. Sai gefen taga, in babu kuma ta jira ta gaba. Akwai wata mata daga ƙauyen gabas da mu, ta zo da 'ya'yanta, ta yi kukan da ya fi na dangi, har matan gida suna tambayar juna ko wace ce. Mahaifina kuwa yana zaune a inuwar darbejiya, carbi a hannunsa ba ya ja. Duk wanda ya ce masa ya haƙuri sai ya amsa. Da la'asar, da mutane suka ragu, ya dube ni ya ce, "Yanzu babu sauran mai ce mini Auta."

'Ya'yana sun san ta ne tana tsohuwa mai sanda da faɗa. Ba na so abin da za su riƙe ke nan, shi ya sa na zauna na rubuta abin da na sani.

Gwaggon Teku ake ce mata, kuma ba ta ƙi sunan ba. Mijinta tela ne ɗan garinmu, wanda ya bi yayansa neman arziki har ƙasar Kamaru, wani gari a bakin teku da a lokacin ake kira Bitoriya, yanzu kuma Limbe. Can yake ɗinka wa leburorin gonakin ayaba da roba tufafi. Da ya zo ganin gida ya nemi aurenta, an ce ita ta fara cewa tana so tun kafin a tambaye ta. Ta bi shi, ta yi shekaru masu yawa a can, sai da ya rasu ta dawo da 'ya'ya biyu maza. Ba ta sake aure ba. Daga bakin mahaifiyata muka ji cewa akwai 'yar fari, mace, wadda zazzaɓi ya ɗauke a can tana fara wayo. Gwaggo ba ta zancenta. Mun ɗauka kunyar ɗan fari ce irin ta mutanen da, muka bar abin a haka.

Abin da take zance kullum shi ne wurare. In kaka ta yi, mata sun zauna ɓarar gyaɗa a tsakar gida, sai ta fara. Ta ce garin yana maƙale ne tsakanin dutse da ruwa, in ka juya baya ga teku sai ka ga dutse ya tare rabin sama, kansa a cikin gajimare. Ta ce akwai gonar shayi a hanyar hawa dutsen, kore shar kamar an shimfiɗa darduma, sanyin wurin har cikin haƙori. Akwai lambun da Turawa suka dasa, rafi na bi ta cikinsa, itatuwan da mutum uku ba sa rungume ɗaya. Akwai wani ƙauye a gaba inda ruwan sama ba ya hutawa, shanya ba ta bushewa sai a kan wuta. Amma abin da ta fi daɗewa a kansa shi ne bakin teku mai baƙin yashi. Wata mai kaifin baki daga cikin matan ta taɓa cewa yashi baƙi ai toka ce, Gwaggo dai ba ta lura ba. Gwaggo ta dube ta sama da ƙasa ta ce wanda iyakarsa kasuwar Kunci ba a musun duniya da shi.

Mu nan ba mu san fita don kallo kawai ba. Mutum ya fita gona, ko kasuwa, ko gaisuwa. In aka gan ka tsaye kana kallon fili sai a tambaye ka abin da ya ɓace maka. Ita kuwa in hadari ya taso daga gabas sai ta bar abin da take yi ta fita bayan gida ta tsaya. In an yi mata magana ta ce, "Ido ma bawan Allah ne, yana da haƙƙi a kanka." Wani lokaci ta ce wanda ya yi abin ai don a gani ya yi shi.

Matar nan da ta fi kowa kuka, ni na san ta. Shekarun baya ta rasa 'ya'ya biyu a jere, kowanne kafin yaye. Ta daina cin abinci, ta daina magana, ta shige ɗaki. An yi rubutu, an yi hayaƙi, an kai ta asibiti, duk ba ta sake ba. Babu abin da ya haɗa ta da Gwaggo sai gaisuwar hanya. Da Gwaggo ta ji, ta ɗauki mayafi ta taka har ƙauyensu, ta nemi izinin mijin. Kullum da hantsi sai ta je ta fito da ita, su bi ta gefen gonaki zuwa fadama, su zauna a gindin wata ɗorawa inda ake hango ruwa da balbelu. Daga baya matar ta gaya wa matata cewa Gwaggo ba ta taɓa ce mata ta yi haƙuri ba. Sai dai ta nuna mata tsuntsu, ko ta ce dubi yadda iska ke kwantar da shinkafa, ta ɓare rogo ta miƙa mata. Haka suka yi har damina ta wuce. Ranar da matar ta ce yunwa take ji, Gwaggo ta raka ta gida, ba ta sake zuwa ba.

Rigimarta da mahaifina kuwa ta zo ne tana da ƙarfinta, ko da yake gwiwa ta fara ciwo. Wata rana bayan an gama girbi ta aika a kira shi, ta ce tana so ta koma Bitoriya ta ga wuri. Ta riga ta sayar da bijimin da take kiwo, ba taimakon kowa take nema ba, ɗan rakiya kawai take so. 'Ya'yanta ɗaya yana Legas, ɗaya yana Bacirawa a Kano da shagonsa, dukansu sun ce sai abin da kawunsu ya ce.

Mahaifina malami ne mai sanyin hali, amma a kan wannan ya kafe. Ya ce ta sauke farali, in tafiya take marmari ta koma Umara. Ya ce me mutane za su ce, tsohuwa ta tsallaka ƙasa don yawon buɗe ido. Ya ce in ta faɗi a hanya wa zai amsa tambaya. Ta ce ita ta goya shi, ba shi ya goya ta ba. Tun ina yaro kullum da safe sai ta aika masa da ƙoƙon kunun tsamiya daga ɗakinta. Aka wayi gari kunu bai zo ba. Gidan ya yi tsit, ana gaisawa a tsaye.

Ina wurin ranar da abin ya zo ƙarshe. Ya je ƙofar ɗakinta da niyyar lallashi, magana ta sake zafi, har ya ce, "Wai Yaya, me kika bari a can da ba za ki haƙura da shi ba?"

Tana tsince wake a faifai. Ba ta ɗago ba. Ta ce, "Kai ka manta, Auta. Ni ban manta ba."

Na ga fuskar mahaifina ta sauya. Ya sa takalmansa ya fita. Bai sake ta da zancen ba sai da aka kusa ba mu hutun makaranta, don ni malamin firamare ne. Ya kira ni zaure ya ce in je in nemo takardun tafiya, ni zan raka ta. Washegari kunu ya dawo.

Wannan kafin rikicin da ya ɓarke a wancan yanki na Kamaru ne, lokacin hanya lafiya lau. Muka hau babbar mota daga Kano zuwa Kalaba, daga can muka shiga jirgin ruwa. Ni da aka aiko in kula da tsohuwa, ni na kwanta. Jiri da amai suka kama ni tun ba mu yi nisa ba. Ita tana zaune daram, ta ciro citta daga bakin zaninta ta ce in tauna, tana yi mini dariya tana cewa malamin makaranta guda ruwa ya kayar. Da gari ya waye ta tashe ni ta ce in fito. Na fito ina layi. Gabanmu babu komai sai gajimare, na ce ban ga komai ba. Ta ce ba nan zan duba ba, in ɗaga kai. Na ɗaga. Can sama, inda na ɗauka sararin Allah ne kawai, sai ga kan dutse baƙi ƙirin a bisa gajimaren. Na yi ta salati. Ita kuwa ta ce, a hankali, kamar mai gaida maƙwabci, "Kana nan dai."

Mun sauka a unguwar Hausawa, gidan wani dattijo da ya san mijinta. Gidan da ta zauna an rushe shi an yi shaguna. Ta duba, ta ce dama ɗakin yoyo yake yi, ta wuce. Wadda take nema ita ce tsohuwar maƙwabciyarta, 'yar asalin garin, Kirista, mai bandar kifi. Muka same ta a bayan kasuwa, ido ya yi rauni. Gwaggo ta tsaya a kanta ta yi magana, sai na ji Turancin buroka yana zuba daga bakinta kamar ruwa. Ni da nake koyar da Turanci, ban taɓa sanin ta iya ko kalma ɗaya ba. Tsohuwar ta saki abin da ke hannunta, ta laluba fuskar Gwaggo, suka rungume juna suna kuka suna dariya. Daga ranar duk inda za mu, mu uku ne.

Gwaggo ce jagora. Ta kai ni lambun Turawa, ta nuna mini itacen da suke zama a gindinsa ranar Lahadi in mijinta ya rufe keken ɗinki. Muka hau mota zuwa gonar shayi, hazo mai ruwa ya rufe mu har ba na ganin hannuna, ina kakkarwa cikin 'yar shara, ita tana cewa ai ta gaya mini in ɗauko rigar sanyi. Da hazon ya yaye sai ga teku can ƙasa kamar faranti, jirage kamar ƙudaje. Aka kai mu inda dutsen ya yi aman wuta bayan tahowarta, narkakken dutse ya gangaro ya daskare ya tare titi, tsayinsa ya fi soro. Wannan ba ta san shi ba. Duk da ciwon gwiwa sai da ta hau, ina riƙe da hannunta, ta tsaya a sama tana haki ta ce to, an ƙara mata guda, matan gida sun shiga uku da labari.

Bakin teku mai baƙin yashi ta bari sai ƙarshe. Muka je da safe, ruwa ya janye. Yashin baƙi ne, baƙi kamar gawayi, mai laushi, yana ƙyalli. Ta cire takalmi, ta ɗan tattare zani, ta shiga har ruwa ya rufe idon sawunta. Ƙananan ƙaguwoyi suna ta gudu suna shigewa rami. Ta daɗe tana kallonsu. Can ta ce, ba tare da ta juyo ba, nan yarinyar nan take bin su da gudu, ba ta taɓa kama ko ɗaya ba, in ta gaji ta zo ta ce, Inna, sun ƙi tsayawa. Ta ce tana da wushirya, kuma ba ta tsoron ruwa ko kaɗan. Ta yi ta ba ni labarinta har rana ta ɗaga: abin da take so ta ci, waƙar da take yi, yadda zazzaɓin ya fara ranar wata Laraba. Tun da nake ban taɓa jin ta yi zancenta ba sai ranar. Ƙawarta tana zaune a kan wani dutse tana gyaɗa kai, ko da yake ba ta jin Hausa.

Washegari ta ce in kai ta maƙabartar Musulmi. Tana kan gangare, bayan gari. A hanya ta gaya mini ba ta taɓa ganin kabarin yarinyar ba, tun da mata ba sa bin gawa. Abin da mijinta ya gaya mata kawai shi ne yana gefen yamma, kusa da wani mangwaro, kuma daga wurin ana hango teku. Shi ma da ya rasu can aka kai shi. Ta tsaya a bakin shinge ta ce in shiga.

Na shiga ni da mai gadin wurin. Ciyawa ta kai ƙugu. Ruwan ƙasar nan ba ya barin tudun kabari ya shekara biyu, balle shekaru masu yawa haka. Mangwaro kuma ba ɗaya ba ne, sun fi biyar. Mai gadin ya ce shi bai daɗe da kama aikin ba, waɗanda suka sani duk suna ciki kwance. Muka zagaya har gumi ya jiƙa ni. Na tsaya a gefen yamma na yi musu addu'a gaba ɗaya. Da zan fito na yi ta saƙe-saƙe a raina, ko in nuna mata wata bishiya in ce ga shi can. Amma na san wadda zan gaya wa.

Na ce, "Gwaggo, ban gane shi ba. Duk wurin ya zama ɗaya."

Ta ce, "Na sani. Ana hango tekun?"

Na ce ana hangowa, sosai ma.

Ta ce, "To, bai yi mini ƙarya ba."

Ta ɗaga hannu ta yi addu'a mai tsawo, ta shafa. Sa'an nan ta gyara mayafi ta ce yunwa take ji, mu je bakin ruwa inda masunta ke sauke kaya. Muka zauna a benci, aka gasa mana kifi da agada, ta sa aka ƙara barkono, ta ci fiye da ni. Ta yi ciniki da mai kifin da buroka har matar ta sallama tana dariya.

Da muka dawo gida mahaifina ya taro mu a bakin titi da kansa, abin da bai saba ba. Bai tambaye ta komai ba sai ya hanya. Ni ya ja gefe daga baya ya tambaya ko ta samu abin da ta je nema. Na ce ta samu. Bayan 'yan shekaru, da aka fara jin labarin harbe-harbe a yankin a rediyo, ta ce masa da ta bi tasa da yanzu ina. Ya ce gaskiya ne, Yaya. Ta kuma yi ta damuwa da ƙawarta, har sai da dattijon da ya sauke mu ya aiko cewa ta rasu a kan gadonta, lafiya. Gwaggo ta yi kwana biyu ba ta ci kifi ba, daga nan ta ci gaba da harkarta.

Ciwon ajalinta bai yi tsawo ba. Ƙafafu suka kumbura, numfashi ya yi nauyi, likita a Bici ya ce zuciya ce ta gaji. Ta ce a mayar da ita gida. Ba ta yarda da zaman ɗaki ba. Kullum da yamma sai ta sa 'ya'yanta, waɗanda duk sun dawo, su ɗauke ta a kujera zuwa bayan gida, inda gonaki suka miƙe har iyakar gani, kuka nan, ɗorawa can, hayaƙin gidajen maƙwabta yana tashi.

Wata yamma limamin garinmu ya zo duba ta, ya same mu a can. An yi ruwa da rana, ƙasa tana ƙamshi, gero ya yi kore har yana baƙi-baƙi. Liman mutumin kirki ne, yana son ya faɗi abin da zai sanyaya mata rai. Ya ce Hajiya, kin zaga duniya kin dawo, yanzu ai kin tabbatar babu inda ya kai gida kyau.

Ta buɗe ido ta dube shi. Muryarta ta yi ƙasa, sai da muka matso.

Ta ce, "Malam, gida gida ne, nan nake so a binne ni. Amma kada don ina kwance a ce na ce ya fi can kyau. Bai fi ba."

Liman ya yi dariya har rawaninsa ya goce, mahaifina ya sunkuyar da kai yana murmushi yana share ido. Ta ce a bar ta ta ga faɗuwar rana tukuna kafin a mayar da ita ciki. Aka bar ta.

Ba ta sake fitowa ba. Ta cika da safe, da kalmar shahada a bakinta, kanta a kan cinyar matar babban ɗanta.

Ta yi faɗa, ta yi gaskiya, ta ciyar, ta kuma kalli abin da Allah ya halitta da ido biyu ba ta ji kunyar kowa ba. Ya Ubangiji, ka yafe mata kurakuranta, ka yalwata mata makwanci, ka haɗa ta da yarinyarta da mijinta. Ka sa inda ta tafi ya fi duk inda ta taɓa gani kyau, yadda ita da kanta za ta duba ta ce, wannan kam ya fi.